Kawuna da Sarkin da Ya Nuna wa Baƙi Rumbunsa

Ranar da muka binne Kawu, tabarma uku aka shimfiɗa a gindin ɗorawar ƙofar gidansa. 'Yan coci suna gefe guda suna waƙa. Mu dangin Inna, musulmi, muna gefe muna jan carbi. Can kuma ga tsofaffin Kambari da suka sauko daga kan dutse da ƙafa tun hantsi, sun zauna da sandunansu. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye kwandon dawa a bakin ƙofa, ya koma ya zauna.

Ni ina rabon ruwa, kunnena kuwa ba ya hutu. Na ji wata tsohuwa ta ce, "Ba don shi ba, da yanzu ƙwadago mukai a gonar wani." Ban yi taku biyar ba na ji wani magidanci yana raɗa wa na kusa da shi, "Ba don shi ba, da kufai duka namu ne har yau." Wallahi saura kaɗan in watsa masa ruwan da ke hannuna. Na danne zuciyata, don gaskiya ya faɗa, ita ma tsohuwar gaskiya ta faɗa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, kada 'ya'yanmu su tashi da rabin labari.

Kawu yayan Inna ne, ciki ɗaya. Shi ɗan coci ne, ita ta musulunta da ta auri Baba, mahaifinsu kuwa har ya mutu bai bar addinin kakanninsa ba. Da Inna ta musulunta tsohon ya rantse ba zai ƙara kallon fuskarta ba. Kawu bai yi wa kowa wa'azi ba. Sai ya riƙa ɗaukar busasshen kifi ya kai wa Inna ya ce tsoho ne ya aiko, ya sayi taba ya kai wa tsoho ya ce 'yarsa ce ta aiko. Wata bakwai yana wannan zirga-zirga da kuɗin aljihunsa. Ranar da uba da 'ya suka haɗu, kowa ya fara yi wa ɗan'uwansa godiyar abin da bai aika ba, sai suka juya suna neman Kawu, ashe ya sulale ya tafi kamun kifi.

Garin da muke ciki yanzu, kusa da Wara, ba shi ne garinmu na asali ba. Na asalin yana ƙarƙashin tafkin Kainji. Ina ƙarama aka kwaso mu. Amma duk shekara idan ruwa ya ja baya, tudun tsohon garin yakan fito, baƙar ƙasa mai laushi, da kaburburan kakanninmu a tsakiya. Shi muke kira kufai. A nan muke dasa jar albasarmu, wadda takan yi wata da watanni a rumfa ba ta ruɓe ba, da ita muke aure da suna da kuɗin makaranta. Takardar wurin ba mu da ita, don a wurin hukuma abin da ruwa ya ci an biya diyyarsa an gama. Abin da ya tsare mana kufai shi ne hanya. Ciyawar ruwa ta rufe shi ta ko'ina, sai wata 'yar ƙorama mai lanƙwashe-lanƙwashe da in ba ɗan gari ba ne kai, sai ka yini kana yawo da kwalekwale ka dawo inda ka fara.

Kawu shi ne manzon gari. Duk maganar da ta shiga tsakaninmu da wani gari, shi ake aike. Yana jin yarenmu Gunganci da Kambarci da Hausa, da ɗan Turancin da ya ishe shi ya gane in ana cutarsa. Yana da riga biyu: mai kyau ta zuwa coci, da wata mai faci a kafaɗa da yake kira rigar aike. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta sha yunƙurin mayar da ita tsumman goge tukunya, yana ƙwatowa. Ya ce manzon ƙaramin gari in ya sa babbar riga, ya sa wa garinsa farashi. Baƙo kuwa in ya zo, sai ya ci ya ƙoshi, amma tabarmarsa kullum bayanta ne ke kallon tafki. In ya tambayi me muke nomawa, Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mu nan mi gare mu? Sauro da zafi."

To ina ya koyi wannan? Shi dai ya ce a wurin Yahudawan dā ya koya.

Yana da littafinsa na coci mai baƙin bango. Sauran mutane suna karanta shi don neman lahira, shi har da neman dabara. Inda ya fi so shi ne labarin masarautar Yahuza. Bayan la'asar sai ya share ƙasa a gindin ɗorawa, ya kife tukunya nan ya ce ga Masar, ya ja turmi can ya ce ga Assuriya, ya ɗauko ƙwallon goriba ya sa a tsakiya. "Ga Yahuza nan. 'Yar ƙasa bisa duwatsu. In tukunya za ta yaƙi turmi, ta ina za ta bi? In turmi zai rama, ta ina zai bi? To ki gaya mani, in ke ce goriba, wa za ki gaida da safe?"

Ni musulma ce, ina koyarwa a firamare, amma ban taɓa ƙin zama ba, don labarin ya fi na rediyo daɗi. Bai cika kiran sarakunan da sunansu ba, laƙabi ya raɗa musu kamar 'yan unguwarsu. Akwai Mai-kiran-babba, wanda maƙwabtansa biyu suka tsananta masa, sai ya kwashi azurfa da zinariya ya aika wa Assuriya ta zo ta cece shi. Ta zo kuwa, ta murƙushe maƙwabtan, amma daga ranar bai ƙara zama da gindinsa ba, kullum yana hanyar kai gaisuwa. Akwai Mai-jiran-Masar, wanda ya daina kai gaisuwa saboda an yi masa alkawarin dawakai da karusai, ya zauna yana leƙen hanya har aka kewaye garinsa. Kuma tambayoyin Kawu ba sa ƙarewa. Da wane harshe manzannin suke magana? Wa ke yi musu tafinta, kuma wa ya tabbatar tafintan ba ya ƙara gishiri? Me ake dafa musu? Jakunansu a rijiyar wa suke sha? Fasto ya taɓa ce masa, "Dattijo, ba don a ƙirga jakuna aka rubuta littafin nan ba." Kawu ya ce, "To don mi anka sa su ciki?"

Amma wanda ya hana shi sakat shi ne Mai-ciwo. Wannan sarki, in ji Kawu, ya fi su duka wayo. Ya gyara ganuwa, ya janyo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gari don kada maƙiyi ya samu na sha a waje. Sai ya kwanta ciwo har aka fid da rai, Allah ya tashe shi. Sarkin Babila, can nesa, ya aiko manzanni da wasiƙa da kyauta, wai sannu da jiki. Shi kuma ya kama hannunsu ya zaga da su, ya buɗe musu taska da rumbu da ɗakin makamai, bai rage ko lungu ba. Da suka tafi wani annabi ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani. Bayan zamani Babila ta dawo, ba da sannu da jiki ba, ta kwashe komai har da jikokinsa.

Nan Kawu yakan buga cinya. "Mi yas sa yan nuna musu? Mutum mai wayon ɓoye ruwa, shi kasa ɓoye rumbu? Ai ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba!"

Ya tambayi fasto, fasto ya ce girman kai ne. Ya tambayi limamin unguwarmu, liman ya ce wannan ba ya cikin littattafansa, amma abin da aka ƙaddara ba ya wuce ranarsa. Har Yelwa ya shiga mota ya sami wani malamin tarihi na sakandare, shi kuma ya ce dabara ce: sarkin yana son Babila ta haɗa kai da shi a kan Assuriya, dole ya nuna yana da abin da zai zuba a tafiyar. Kawu ya dawo yana kaɗa kai. "Ƙila. Amma ai sai shi nuna rabi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Shekara da shekaru yana zagin sarkin nan kamar wanda ya ci masa gado.

Ba a daɗe da yanke mana Kebbi daga Sakkwato ba Kawu ya kwanta. Ciwon haƙarƙari ne, wata biyu a asibiti, ya dawo kamar sillen kara. Ya tarar duniya ta sake. Sababbin ofisoshi sun buɗe, aike duk ya koma hannun samari masu Turanci da babur. Ƙanensa, Ƙaramin Kawu, shi ne mai garinmu, kuma don tausayi ya ce a bar Yaya ya huta. Aka bar shi kuwa. Yakan sa rigar aike ya zauna a gindin ɗorawa tun safe, mutane su wuce su ce sannu da jiki, ba mai tsayawa. Ni ma ina cikin masu wucewar, Allah ya yafe mini.

Wata Asabar da hantsi ina gidan, sai ga jirgi mai inji ya tsaya a bakin ruwa. Mutum uku suka fito da kwalin sukari da sabulu da gwangwanayen madara. Babbansu, mai farar hula da taushin murya, ya ce shi wakilin wani Alhaji ne mai noman rani da injinan ban ruwa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, Alhaji ya ji ba ka da lafiya, ya ce lallai mu zo. Ai sunanka ya kai birni. An ce kaf tafkin nan babu wanda ya san shi kamar kai."

Na ga fuskar Kawu ta washe, rabon da in ga haka tun kafin ciwo. Na kawo fura suka sha. Sai ƙaramin cikinsu ya dubi gidajenmu ya yi 'yar dariya ya ce, "Amma garin nan naku abin tausayi ne. Da me ma kuke rayuwa?"

Na tsaya ina jiran sauro da zafi. Ai na haddace. Kawu ya dubi yaron, ya dubi facin rigarsa. Sai ya ce, "Ɗiyata, ɗauko mani hulata ta coci."

Na ɗauko. Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni magana. Amma wace ce ni da zan tsawata wa Kawu a gaban baƙi? Ina kallo ya shiga gaban jirginsu ya miƙe tsaye, mutumin da jiya sai an riƙe shi, yana nuna musu hanyar kufai da sanda.

Bayan azahar suka sauke shi suka wuce. Ya shigo gida yana fara'a, yana cewa sun riƙe baki, sun ce ba su taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Iya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, mi sunka gani?"

Iya ba ta iya karatu ba, ba ta san tambayar annabin nan ta maimaita ba, tambaya ce kawai ta matar gida. Amma Kawu ya tsaya cik. Sannan ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya ce, "Duka."

Ba a yi wata ba masu zuwa duba ruwa suka tarar da turaku masu jan fenti an kafa a kufai, har da ɗaya a gefen kabarin kakanmu. Wakili ya dawo, wannan karon ba sukari, sai takarda mai hatimi da ta ce an ba Alhaji aron fili marar mai shi. Ya ce da ƙasa ta tsane injina za su iso.

Aka taru a ƙofar mai gari, mu mata muna daga bayan zana. Ƙaramin Kawu ya ce ya san wani babban ɗan siyasa da ba ya ga maciji da Alhajin, a je a faɗi a gabansa. Samari suka ce haka ne. Sai Kawu ya miƙe da sandarsa ya ce, "Kada ku kira babba. Akwai wani sarkin Yahuza da..."

"Yaya, ka rufe muna baki da Yahudawanka!" Ƙaramin Kawu ya daka masa tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Su sunka kai baƙi kufai, ko kai?"

Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Ni ne. Ba kowa ba, ni ne. In kun ga dama ku kore ni garin ga in an gama. Amma wanda duk kunka kira shi kore muku Alhaji, sai kun nuna mashi hanya shi ma. Shi kuma wa zai kore muku shi?"

Sai ya faɗi shawararsa, wadda ta fi tsawar zafi: a kira ƙanana irinmu, Kambarin kan dutse da masuntan tungar da ke gaba da mu, a ba su rabo a kufai. Aka yi ca a kansa. Mun ɓoye wa waɗannan mutane wurin nan shekara ashirin da wani abu, yau mu kai musu a faranti? Ya ce ɓoyo ya ƙare tun ranar da ya sa hular coci, abin da ya rage shi ne a zaɓi wanda za a ci da shi. Ƙaramin Kawu ya ce, "Tafi. In sun kore ka kada ka biyo ta ƙofata."

Ya sa rigar aike ya hau dutse da ƙafa, yana tafiya yana hutawa. Zuwan farko tsofaffin suka ce sai yau da wuta ta kama aka san da su? Ya ce gaskiyarsu, ya sauko. Ya koma na biyu, suka ba shi ruwa kawai. A na uku ya ce musu shi ba taimako ya zo roƙo ba, ƙasa ya zo bayarwa, kuma in injina suka zauna a bakin tafki bana, baɗi mashayar shanunsu za a kafa wa turaku. Suka ce ya kwana biyu su yi shawara. Daga can ya wuce tungar masunta da wannan maganar.

Ranar da jirgin Wakili ya shigo ƙorama da injina, ya tarar da kufai kamar ranar kasuwa. Matan Kambari suna dashe, masunta suna jan kunyar albasa, mu muna ɗibar ruwa da ƙwarya, babu tazarar da za a ajiye inji. Korar ƙaramin gari ɗaya abu ne mai sauƙi. Korar gari uku masu harshe uku, da coci da masallaci da masu addinin gargajiya, ƙara ce da za ta kai inda Alhaji ba ya so. Aka yi ta zama har wata uku. A ƙarshe aka yanka masa bakin ƙorama, sauran aka raba uku. Mu muka riƙe tsakiya, inda kaburbura suke. Gidan da dā yake cika rumfa biyu ya koma cika ɗaya da ƙyar. Ƙaramin Kawu ya shekara bai taka gidan yayansa ba.

Na taɓa tambayarsa ko wannan dabarar ma a littafin ya gani. Ya ce a'a, abin da ya gani a ciki shi ne duk sanda ƙananan sarakunan suka ci amanar juna, babba ne ke kwashe riba.

Watanni kafin rasuwarsa na same shi da rana yana taya Iya sheƙe irin albasa. Idonta ya fara rauni, don haka ni suka danƙa wa tulun da ake adana irin, wanda kakanninmu suka fito da shi daga tsohon gari. Na ce, "Kawu, har yanzu kana zagin Mai-ciwo?"

Ya yi dariya har da tari. "Na bari. Fasto ya ce girman kai, malamin makaranta ya ce dabara, kowa da gaskiya tai. Amma ba su kwanta wata biyu sunka tashi sunka iske an saba da rashinsu ba. Mutum ne yat tashi daga ciwo, kowa na ce mashi sannu, ba mai ce mashi yaya za mu yi. Sai ga manya daga nesa sun zo takanas don shi. So yakai su san ba banza sunka gaida ba." Ya share ido da gefen riga. "Shekara talatin ina neman amsa, da na samu sai da gari yab biya. In mun gamu can, ni zan fara gaishe shi."

Ranar uku da rasuwar, muna zaune tsakar gida da Inna da Iya, aka ce ana sallama. Wakili ne, da farar hularsa da kwalin sukari. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya mai kyau, har Inna ta yi hawaye. Kowa ya san albasar da Alhaji yake nomawa a bakin ƙorama ba ta wata biyu take ruɓewa, don irin kasuwa yake dasawa. Can sai ya juyo wurina.

"Malama, ke ce ɗiyar da marigayi yake ji da ita ko? An ce duk garin nan ke kaɗai kika san sirrin irin nan. Mace mai ilimi irinki a ƙauye, ai ana asararki. Ko gani ne a nuna mini, in ba da labari a birni."

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya rufe ni. Shekara nawa ina fama da alli da 'ya'yan mutane, wa ya taɓa ce mini mai ilimi? Ban san sanda na miƙe ba. Tulun yana bayan ƙofar ɗakin Iya, taku huɗu daga inda nake. Sai da hannuna ya taɓa asabari na ga rigar aike rataye a ƙusa, da facinta a kafaɗa. Kunya ta kama ni, da tausayin Kawu irin wanda ban ji ba ko a bakin kabarinsa.

Na shiga na ɗebo ruwa a randa, na fito na durƙusa na miƙa wa baƙo. Na ce, "Sha ruwa, ranka shi daɗe. Mu nan mi gare mu? Sauro da zafi."

Iya ta fashe da dariya, karo na farko tun da aka fita da shi, dariyar ta juye ta zama kuka. Inna ta riƙe ta tana cewa, "Allah shi jiƙan Yaya, Allah shi sa ya huta." Wakili ya sha ruwansa ya yi sallama. Ni na raka shi har bakin jirgi, ta hanyar da ba ta bi ta rumfunan albasa ba.